Tsibirin cikin fim da tumbun Kawu: ina mutanen garin?

Mai Cajin Bagalam ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da ɗan shago a unguwar Bagalam nan Maradi, ina cajin salula, ina kuma tura wa mutane fina-finai da wasanni a memori. Shekara tara ke nan ina wannan sana'a, na san abin da ke tafiya da abin da ke kwantai. Fim ɗin Indiya fassarar Hausa shi ne kan gaba, wannan ba gardama. Amma tun bara na lura da wani abu: duk labarin da aka ce a tsibiri ya faru, ba ya kwana a hannuna. Jirgi ya faɗa teku mutum ɗaya ya tsira, a tura min. An jibge mutane a tsibiri ana fidda su ɗaya bayan ɗaya, a tura min. Yaran da ke zama bakin shagon kuwa, daga la'asar har kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke wasan Free Fire suke bugawa a salula, shi ma daga jirgin sama ake diro da kai cikin tsibiri. Alhali mu nan ruwan da yawancinmu muka sani bai wuce gulbi in ya kawo da damina ba, sai tafkin Madarunfa. Tsibirin da muka tashi muna jin sunansa shi ne Tsibirin Gobir, shi kuwa a kan kabu-kabu ake zuwa.

Abin da ya sa na ɗauko wannan zance kawuna ne, wan mahaifiyata. Ya yi shekara goma sha tara yana su a tafkin Cadi. Su can ba su cika cewa tsibiri ba, tumbu suke cewa, kowane tumbu da sunansa. A 2015, bayan harin da ƴan Boko Haram suka kai tsibirin Karamga a ƙarshen watan Afrilu, aka ba mazauna tsibiran wa'adin ƴan kwanaki su fice. Dubban mutane suka fito, da yawa a ƙasa suka tako har Ngigmi cikin zafin bazara. Kawu na cikinsu. Ya iso Maradi da buhu ɗaya da rediyo. Kwale-kwalensa, da kalli, da gura, wato tarkon kifi, fiye da ɗari, da bandar da bai kai ga sayarwa ba, duk can ya baro su. Yanzu gyaran raga yake wa masunta, da dare kuma ya zo shagona ya zauna kan benci yana shan shayi, ba ya cika magana.

Daren Juma'ar da ta wuce na kunna wa yara Cast Away a kwamfuta, fim ɗin nan na 2000 da Tom Hanks ya yi shekara huɗu shi kaɗai a tsibiri bayan jirginsu ya faɗi. Ban zaci Kawu zai kula ba, sai na ga ya jawo bencinsa gaba. Wurin da mutumin ke murza ice don ya sami wuta har hannunsa ya tsage, Kawu ya girgiza kai ya ce wahalar wuta sau ɗaya ake shan ta, wanda ke zaune kan ruwa ba ya barin ta mutu, da dare a binne garwashi cikin toka, da asuba a tone. Wurin da ya soki kifi da mashi daga nesa, ya ce wannan hannun ya nuna, an daɗe. Da aka zo inda yake hira da ƙwallon da ya zana wa fuska da jininsa, yara suka bushe da dariya. Kawu ya ɗaga musu hannu. Ya ce akwai shekarar da abokan aikinsa suka tafi kai banda kasuwa, injin jirgi ya lalace musu a hanya, ya yi kwana goma sha ɗaya shi kaɗai yana gadin kaya. A kwana na huɗu batirin rediyo ya mutu, amma bai fasa ajiye ta gabansa yana ba ta labarin abin da ya kama ba. Da ƙwallon nan ya faɗa ruwa igiyar ruwa ta tafi da shi mutumin yana kuka, ba yaron da ya ƙara yin dariya.

Bayan an gama ya tambaye ni abin da na kasa ba shi amsa. Ya ce, to ina mutanen garin? Na ce Kawu ai ba kowa a tsibirin, labarin ke nan. Ya ce shi a shekara goma sha tara bai taɓa sauka tumbun da ke da amfani ya tarar ba mai shi ba. In ka sauka, bulama za ka fara nema, ka gaishe shi, ka faɗi daga inda ka fito, ya nuna maka inda za ka kafa bukka. Akwai masallaci, akwai mai shayi, akwai mai cajin waya irina da ɗan janareto. Ga Buduma da shanunsu masu manyan ƙahoni da ke iyo daga wannan tumbu zuwa wancan, ga Barebari, ga Jukunawa, ga mutanen Mali da suka kawo gura. Ya ce tumbun da ka tarar ba kowa, ɗayan uku ne: ko ba kifi, ko sauro ya fi ƙarfin mutum, ko an kori masu shi.

Tun daren nan nake bincika abin da ke cikin kwamfutata. Fina-finan tsibiri goma sha huɗu na ƙirga. A cikinsu, ko dai ba kowa a tsibirin, ko kuma mutanen wurin su fito daga daji da kibau ba a ma fassara abin da suke faɗa. To tambayata biyu ce. Me ya sa masu waɗannan labarai suke son tsibiri wayam? Sannan akwai wanda ya san littafi ko fim ko wasa da mutanen tsibirin su ne masu labarin, suna aure suna suna suna rigimar wurin kafa raga? Ina so in kunna wa Kawu wani abu da zai ga irin rayuwarsa a ciki.

Madam ta Zariya ta rubuta:

Wa alaikumus salam Malam Mai Caji. Allah ya ƙara wa Kawu lafiya, ya mayar masa da abin da ya rasa. Tambayarsa ta fi yawancin tambayoyin da nake samu a aji.

Faransanci nake koyarwa a kwaleji, kuma kusan duk waɗannan labaran kakansu ɗaya ne, Robinson Crusoe na Daniel Defoe da ya fito a Ingila a 1719. Akwai mutumin gaske da labarinsa ya karaɗe Ingila kafin littafin, Alexander Selkirk, wani matuƙin jirgin ruwa ɗan Sikotlan. Ya yi sa-in-sa da kyaftin ɗinsu kan cewa jirgin ya ruɓe, aka sauke shi a wani tsibiri na Juan Fernandez, can yamma da ƙasar Chile, a 1704. Sai a 1709 aka ɗauke shi, shekara huɗu da wata huɗu. Naman awaki ya rayu da shi, ya saba da kyanwoyi don su kore masa ɓeraye, kuma awakin da kyanwoyin duk jiragen da suka riga shi zuwa ne suka bar su. Defoe ya mai da shekarun ashirin da takwas.

Abin da ba a cika faɗa wa yara ba shi ne abin da ya fitar da Robinson teku. Gona gare shi a Barazil, ya taso ne zuwa gaɓar Gini don ya sayo bayi, jirgin ya fashe a hanya. Kafin nan ma ya sayar da wani yaro, Xury, wanda suka tsere daga bauta tare. Da ya ceci wani mutum a tsibirin bayan shekara ashirin da wani abu, farkon abin da ya koya masa shi ne sunan da ya raɗa masa, Juma'a, don ranar ya same shi, sai kuma kalmar da zai riƙa kiransa da ita, wato ubangida.

Da na karanta wa ƴan ajina wannan wuri, da fari bai dame su ba, don mu ma muna da Ɗanjuma da Jummai. Sai wata yarinya a bencin baya, wadda ba ta cika magana ba, ta ɗaga hannu ta ce, Madam, ai Ɗanjuma yana da sunan yanka, kuma iyayensa ne ke kiransa Ɗanjuma. Shi wannan ƙato ne da gemunsa ko ba gemu, yana da uwa da uba, me ya hana a tambaye shi sunansa? Na ajiye allina, muka cinye sauran lokacin a kan maganarta.

Wanda muka fi samu a ɗakunan karatu na lakwal shi ne na Michel Tournier na 1971, wanda ya sake labarin don yara. A can Juma'a ne ya tashi rumbun albarushi ba da gangan ba, duk tsarin da Robinson ya kafa ya tarwatse, ya koma shi ke koyo a wurin Juma'a. Ya fi na farko adalci, ina son sa. Amma a ƙarshe da Juma'a ya bi jirgi ya tafi, wani yaro ya gudo daga jirgin ya zauna da Robinson, nan take ya raɗa masa Lahadi. Hali zanen dutse.

A ganina amsar tambayarka ta farko tana cikin zamanin da aka haifi labarin. Lokaci ne da jiragen Turawa ke yawo suna kafa tuta a ƙasashen mutane. Ƙasar da ba kowa ba ta buƙatar sallama, ba bulaman da za ka gaisar. Robinson da bakinsa yake kiran kansa sarkin tsibirin. Masu fim sun gaji wannan ƙwarya, suna ta zuba sabon fura a ciki.

Ɗan Mokoyo ya rubuta:

Yaya Mai Caji, ni ne mai jar hula da ke zama kusa da firjinka, ka gane ni. Ina wurin daren nan, kuma ina cikin waɗanda suka yi dariya, Allah ya yafe mana, a ba Kawu haƙuri.

Amma a yi wa wasanmu adalci. Free Fire ba labarin zama a tsibiri ba ne. Mutum hamsin ake zubawa, cikin kamar minti goma an gama, da'irar tana matsewa tana tura ku wuri ɗaya. An sa shi a tsibiri ne don a sami iyaka, kada wani ya yi ta gudu har Agadas. Kamar filin kokawa ne da aka kewaye da buhunan yashi. Kuma ba kowa ke buga shi shi kaɗai ba. Mu huɗu muke shiga, ni da abokin aikina na garejin walda da wasu biyu, ɗaya yana Damagaram, ɗaya ɗan Katsina ne da ban taɓa gani ido da ido ba. In aka harbe ka ka faɗi kana rarrafe, ɗan'uwanka ne zai bar maɓoyarsa ya zo ya tashe ka. Wanda ya gudu ya bar nasa a ƙasa, gobe ba mai shiga da shi. Abin da ya sa ya kama a nan kuwa, ƙaramar salula ma tana ɗaukar sa, tun da ya fito a 2017 don irin wayoyinmu aka yi shi. Matsalarmu rezo ce kawai, da forfen dare, wato datar intanet, da ke cin dala arba'in ɗina.

Sai dai maganar Kawu ta bi ni har gida. Taswirar Bermuda, tsibirin da ake zuba mu a wasan, na san ta fiye da yadda na san Yamai. Akwai gidaje, akwai masana'anta, akwai hasumiyar agogo, akwai motoci a ajiye bakin hanya. Shekara uku ina kutsawa gidajen nan ina kwasar harsashi, ban taɓa tambayar kaina na wane ne ba. Jiya da na shiga wani gida a wasan sai na tuna da gurar Kawu da kwale-kwalensa, har aka harbe ni ina tsaye. Ba zan ce na daina ba, ƙarya zan yi. Amma na ji wani iri.

Dattijon Limanci ya rubuta:

Ɗana Mai Caji, jikana ne ke rubuta min wannan, idona ba ya ganin ƙananan baƙaƙe. Ka gaishe min da kawunka, Allah ya sa abin da ya same shi kaffara ne.

Malama ta yi bayani mai kyau, Allah ya ƙara sani. Amma ina da ɗan gyara. Labarin mutum shi kaɗai a tsibiri bai fara daga Turawa ba, kuma ba kullum don cin ƙasa ake yin sa ba. Ibnu Ɗufail, malami ne likita mutumin Andalus, ya rasu a Marrakush a 1185, ya rubuta ƙissar Hayyu bn Yaƙzan. Jariri ne ya tashi a tsibirin da ba ɗan Adam, barewa ta shayar da shi. Da barewar ta mutu, ya rasa abin da ya same ta, ya buɗe ƙirjinta yana neman abin da ya hana ta motsi. Ya tarar da komai na nan, sai wani gurbi a zuciya da ya ga wayam, ya gane cewa abin da yake ƙauna a jikin nan ya fita, kuma ba nama ba ne. Daga nan ya yi ta lura da wuta da dabbobi da taurari har hankalinsa ya kai shi ga cewa lalle akwai Mahalicci guda. An juya littafin zuwa Latin a 1671, zuwa Ingilishi a 1708, shekara goma sha ɗaya kafin wanda Malama ta ambata.

Abin da zai yi wa kawunka daɗi, a ƙissar tsibiri biyu ne. Na biyun cike yake da mutane da sarkinsu da addininsu. Daga can wani bawan Allah mai suna Absal ya zo neman wurin ibada, suka haɗu da Hayyu, ya koya masa magana. Kuma da suka fahimci juna, Absal bai mai da shi bara ba, shi ya ga ya kamata ya yi masa hidima. Suka je garin mutane tare, Hayyu ya yi musu wa'azi bai karɓu ba, ya ba su haƙuri ya bar su a kan abin da suka sani, suka koma.

To ka ga wani lokaci mai labari yakan kwashe mutane ne don ya ga abin da zai saura a zuciya in ba kasuwa ba maƙwabci. Mu ma muna da halwa. Sai dai halwa da niyya ake shigarta kuma tana da ranar fita. Wanda aka raba da gidansa da ƙarfi ba halwa ya shiga ba, wannan jarrabawa ce, kada a haɗa su.

Mu mutanen Maradi ma ba baƙin ruwa ba ne kamar yadda kake gani. Tsohon birni a kwarin gulbi yake, ambaliyar 1945 ce ta ci shi aka hawo tudu. Mahaifina yana cewa sun kwana biyu a kan wani jigawa ruwa ta ko'ina, su da awakinsu da tukunyar tuwo ɗaya ta gida uku.

Kai kuma yaro mai jar hula, na ji daɗin gaskiyarka. In an kira magariba a ajiye wayar, abokan naka su jira.

Direban Gaya ya rubuta:

Maigida, ni ban yi karatun littafi ba, titi na karanta. Shekara goma sha biyu ina jan babbar mota Maradi zuwa Kwatano kafin a rufe iyaka a 2023. Ranar da na fara ganin teku na kasa cin abinci, tsayawa na yi ina kallon ruwan da ba shi da ƙetare.

In tsibiri mai mutane kake nema, ga Lete nan cikin kogin Kwara, sama da Gaya. Fulani na kiwo, manoma na noma, ciyawa ba ta yankewa. Kuma don yana da amfani, sai da ƙasa biyu suka yi shekara arba'in da wani abu suna ja a kansa, tun Binin tana Dahome. Kotun duniya da ke Hague ce ta raba gardamar ranar 12 ga Yuli 2005. Tsibirai 25 ne a wannan yanki na kogin, aka ba Nijar 16 har da Lete, Binin ta sami 9, aka ce iyaka ta bi inda ruwa ya fi zurfi. Ka ga maganar kawunka ta fito, wuri mai albarka ba ya rasa mai shi, sai dai masu shi su yi yawa. Can ƙasa kuma wajen Yawuri akwai Gungawa, sunansu ma daga tsibiri ya samo asali, da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya shanye garuruwansu aka mai da su tudu.

Wannan duk labari ne da zai yi fim, ban ga wanda ya yi ba. Masu shirya fim ɗinmu na Hausa kullum falo da kujeru. Su zo Gaya su ga yadda ake loda babur da buhunan albasa da amarya da kayanta a kwale-kwale ɗaya.

Ƴar Jami'a ta rubuta:

Yaya Mai Caji, ina karatun Ingilishi a jami'a. An sa mu karanta littafin William Golding na 1954, wanda yara ƴan makaranta suka tsinci kansu a tsibiri ba babba, kafin a zo ɗaukarsu sun koma farautar junansu. Na yi kwana biyu ba na jin daɗi bayan na gama shi, don malaminmu ya ce wai haka ɗan Adam yake in ba hukuma. Ni kuwa a gidan yawa na tashi, na ga yadda yara ke raba ƙosai ɗaya su shida in ba babba a kusa, sai zuciyata ta ƙi yarda.

Daga baya na sami labarin abin da ya faru da gaske. A 1965 wasu yara shida ƴan makarantar kwana a ƙasar Tonga, cikin tekun Pasifik, suka ɗauki jirgin wani masunci suka gudu. Hadari ya karya musu jirgi, suka yi kwana takwas ruwa na yawo da su, suka faɗa wani tsibirin dutse mai suna Ata. Wata goma sha biyar suka yi a can. Har an yi musu zaman makoki a gida. Sun raba aiki bibbiyu, masu lambu, masu girki, masu tsaro. Wutar da suka kunna ba su bar ta ta mutu ba fiye da shekara, daidai abin da Kawu ya faɗa. Safe da yamma suna addu'a da waƙa tare. In biyu sun yi faɗa sai a raba su, kowa ya tafi gefe guda har zuciya ta huce. Ɗayansu ya faɗo daga dutse ya karya ƙafa, suka ɗaure masa da itace suka ɗauke masa aikinsa har ya warke. A watan Satumba 1966 wani kyaftin ɗan Ostareliya, Peter Warner, ya hango su ya kwashe su.

Ga inda nake so ka karanta wa Kawu a hankali. Me ya sa ba kowa a Ata? Da akwai gari. A 1863 wani jirgi ya zo ya yaudari mutanen suka shiga da sunan ciniki, aka rufe su aka tafi da kusan rabin garin don a sayar da su bayi a Peru. Sarkin Tonga ya kwashe sauran ya mai da su wani tsibiri. Yaran nan da suka hau saman dutsen, kufan garin suka tarar, da ayaba da gwaza da suka ci gaba da fitowa, da kajin da suka yi shekara ɗari suna hayayyafa ba mai su. Da abin da korarrun nan suka bari yaran suka rayu. Dalili na uku da Kawu ya lissafa ke nan.

Wani gidan talabijin na Ostareliya ya koma da yaran tsibirin a 1966 suka nuna yadda suka zauna, baƙi da fari ne, ana samun sa a YouTube. Ba shi ne ainihin abin da ka nema ba, amma ya fi kusa.

Mai Cajin Bagalam ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba na Limanci, Kawu yana amsawa, ya ce a gaya maka maganar halwa da jarrabawa ta zauna masa. Madam, ni dai na fi karkata wajenki a kan fina-finan da ke kwamfutata, don ban ga mai neman Allah a cikinsu ba, amma ƙissar da Baba ya kawo ta nuna min ba duka aka taru aka zama ɗaya ba.

Daren jiya na karanta wa Kawu amsoshin nan duka, na sauko da fim ɗin yaran Tonga muka kalla. Bai ji turancin ba, bai kuma nemi in fassara ba, hannuwansu yake kallo. Da na zo maganar kajin nan sai ya sa na maimaita. Ya yi shiru, can ya ce shi ma ya baro kaji bakwai da zakara, da zogale guda uku da ya dasa bayan bukka yana ba su ruwan wanke kifi. Ya ce in kajin sun tsira daga shaho, yanzu sun cika tumbun, ko wa ke cin ƙwansu.

Daga nan bakinsa ya buɗe, abin da bai taɓa yi ba tun dawowarsa. Ya faɗi yadda ake cin tuwon dare cikin gidan sauro don in ka buɗe baki a waje sai ka haɗiye su. Ya faɗi yadda iska ke turo tsibirin ciyawa cikin dare ya toshe maka hanyar da ka shigo, da safe ka rasa gabas. Ya faɗi rigimar da aka yi wata shekara kan wurin kafa dumba, wato jerin gura da ake tare kifi da shi, bulama ya zaunar da ƙabila huɗu ƙarƙashin rumfa ɗaya, kowa da tafintansa, aka yi kwana uku kafin a sha hannu. Ya lissafa maƙwabtansa da suna, har wanda ya faɗi a hanyar Ngigmi ba su iya ɗaukar sa ba. Na danna naɗin murya a salulata ba tare da na katse shi ba, da ya gama na gaya masa, ya ce ba komai, a ajiye wa jikoki. Minti arba'in da bakwai ne, kuma ya ce bai ma kai shekarar da ruwa ya ja baya suka koma noman masara da wake a ƙasan tafkin ba.

Ɗan Mokoyo, ya ce kai da abokanka ku zo gobe bayan isha'i zai ci gaba, kuma ba ya riƙe da ku a kan dariyar nan. Ka taho da salularka da caji, tawa memorin ya kusa cika. Zan kashe firji don kada ƙararsa ta shiga cikin muryar.